Kwalba ta Arba'in da Ɗaya

Ƙarfe bakwai na haye gada.
Kogin Isa ya yi ja,
masu kabewa na sauke kwale-kwale.
A Harobanda na bar takalmi ƙofar labo,
na wanke hannu da alkol har gwiwa,
alwalar da ba salla a bayanta.
Ga gonata: jeri huɗu, kwalba sittin,
ba hauya, ba taki, ba rana.

Na ɓare ƙwayar turnasol,
na yanki ganyen fari, bai kai farcen jinjiri ba,
na kwantar da shi bisa agar
mai kama da kokon da ya kwana.

Ruwa biyu ke mulki cikin firjin nan.
Oksin ya ce: yi ƙasa, nemi saiwa.
Sitokinin ya ce: yi sama, fid da toho.
Wanda ya fi baki, shi tsiro ke ji.
In suka yi kunnen doki
sai nama ya kumbura, ba kai ba gindi,
dunƙule kamar ƙullin da aka manta a turmi.
Littafi ya ce masa kalus.
Ni kanta nake ce masa,
don na san irinta a tafin babana,
Ankarau mai albasa a Tabalak,
wanda in na ce ina shuka cikin kwalba
sai ya yi dariya, ya sake magana.

Turnasol ɗan taurin kai ne.
Na ƙara ɗigo, ganye ya fito jiƙe-jiƙe,
garai kamar gilas, ka taɓa ya karye.
Na rage ɗigo, ya yi baƙi, ya ƙi ni.
Daren wata Laraba kuran ya yanke,
inji ya ƙi tashi,
Tinni mai gadi ya ja igiya har kafaɗa ta ƙage.
Zafin Afrilu ya shiga ɗakin ya miƙe ƙafa.
Kafin Asabar kwalba sha tara sun yi fumfuna.
Na dafa su, na zubar a bayan gini.
Na rubuta kwanan wata a kaye,
ban rubuta abin da ke mini ƙuna.

Madam Zalika ta ɗaga tabarau:
"Sake awo, Tsahara. Rabin miligiram.
Gishirin da ya gyara miya shi ke ɓata ta."
Na sake. Na kuma sakewa.
Damina ta zo ta wuce ta bayan taga,
ƙanena ya yi aure ban je ba,
na dai aika da turmin zane da suna.

Sai yau.
Kwalba ta arba'in da ɗaya, layin baya.
Kara tsawon ɗan yatsa, ganye huɗu,
ba ko zaren saiwa ɗaya,
amma a kansa fure.
Fure, wallahi, kamar maɓallin riga,
rawaya, ƴan kunnuwa bakwai, ɗaya a naɗe.
A takarda asara ce:
ya yi gaggawa, ba zai kai ƙasa ba.
Ya karkata wajen doguwar fitila
wadda ba ta da gabas, ba ta da yamma,
agogo ke kunna ta, agogo ke kashewa,
ita kaɗai ya sani a matsayin rana.

La'asar sakaliya na saɓa doka,
na kai shi bakin taga.
Ga ta can bisa tsaunukan yamma, ta gaske,
tana zuba jan ƙarfe cikin kogi.
Na riƙe kwalbar har hannu ya yi sanyi.
Bai juya ba.

Na ɗauki hoto, na tura Tabalak.
Bayan magariba murya ta shigo,
da kukan famfon ban-ruwa a bayanta:
"Na gani. Yana da kyau.
To, ina saiwar?"

Na saurara sau uku.
Sannan na buɗe firji na ɗauko oksin,
na share sikeli,
na zauna.